Mutum na Shida a Rukuni na Huɗu

Litinin, 13 ga Janairu

Na iso. Doki tun asuba daga ƙauye, sannan mota biyu daga Mokhotlong, ina matse tsakanin buhun wake da wata tsohuwa mai kaza. Nan ƙasan dutse zafi kamar cikin tukunya. Ban cire bargona ba, kuma ba zan cire ba.

Ƙaramar makarantarmu ta kiwo can sama ta rufe ajinmu a tsakiyar shekara, don malaminmu ɗaya tilo ya samu aiki a Afirka ta Kudu ya tafi. Aka raba mu. Ni aka cillo wannan kwalejin noma, inda 'yan ajina suka fara tun Agusta. Kowa ya san kowa, kowa ya san inda ake ɗaukar cokali. Na shiga ɗakin cin abinci da bargo da takalmin roba, sai wani dogo mai agogo ya ce, “Abuti, ɗan'uwa, tumakin suna waje ne, ko su ma an yi musu rajista?” Aka kwashe da dariya. Na ce ai ga su nan zaune suna cin tuwo. Dariyar ta mutu. Na ɗauki kwanona na fita, na ci a tsaye jikin bango. Da ma haka muke ci a mashekari, rugarmu ta kiwo can saman dutse.

Sunan dogon Mohapi. Na riƙe.

Laraba, 15 ga Janairu

Ntate Ramaili, malamin kiwo, ya kira ni ofis. Gajere, mai furfura, ba ya ɗaga murya. Ya ce tun Agusta aka raba ajin rukuni shida, mutum biyar biyar, kowane rukuni da awaki goma masu dogon gashi. Ranar 9 ga Afrilu za a yi aski, a kawo mai tantance gashi daga waje, darajar gashin ita ce makin aikin hannu. Wanda sunansa ba ya cikin takardar wani rukuni a ranar, ba shi da maki, sai ya maimaita shekara.

Na ce to ya saka ni a ɗaya mana. Ya ce, “Seabata, ɗana, ni ba na cusa wa mutane abokin aiki. Su za su rubuta ka da hannunsu.”

Maimaita shekara! Kawu Tsietsi shekara ɗaya ya ba ni aron kaina. Shi ke can sama da awakinmu, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Ya ce in na faɗi, in dawo in karɓi sandata, magana ta ƙare.

Talata, 21 ga Janairu

Rukuni uku na tambaya, uku sun ce sun cika. Sun raɗa mini suna Bargo. Madalla, ya fi sunayen iyayensu ɗumi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ɗakin karatu. Ban taɓa ganin littattafai da yawa haka a wuri guda ba, sai da na zauna a ƙasa. Ni da na koyi haɗa baƙi a jikin kwalbar maganin wankan tumaki, da tsofaffin jaridun da ake naɗo wa Kawu taba! Shekara sha biyu gare ni lokacin, ba wanda ya riƙe mini hannu. Ga waɗannan an haife su a kan littafi, amma sai barci suke yi a kansa, yawu na zuba.

Tun da ba ni da awakin kaina, kullum da safe kafin aji ina zuwa in zauna kan shingen dutse in kalli garken duka sittin. A idon 'yan ajin nan duk farare ne, duk ɗaya. Ni kuwa na fara ba su suna. Akwai Gwauruwa mai cin abinci ita kaɗai. Akwai Mai Tsegumi. Akwai Ɓarauniya, wadda ta iya buɗe ƙyaure da ƙaho.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Yau na ga abin kunya. Wata yarinya ta Rukuni na Huɗu, Puleng, an ce ta riƙe akuya a ba ta magani, akuya ta yi atishawa, ta saki ta ruga da ihu. Na ce daga kan shinge, “Ausi, 'yar'uwa, ki koma ajin ɗinki mana, zare ba ya tunkuyi.” Ta yi kuka.

Shugabarsu, Likeleli, ta zo har gabana. Ba ta kai kafaɗata ba. Ta ce, “Kai da ba ka da ko bindin akuya a makarantar nan, bakinka ya fi garke girma.”

Ta juya ta tafi, ta bar ni a kan shinge. Ni! Sai da na kai ɗaki amsoshi uku suka zo mini, duk masu kyau.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Lambobin roba da ke kunnen awakin suna ta tsinkewa a wayar shinge. Yanzu rukunai na rigima kan wace ta wa. Mohapi ya miƙe a aji da dabara: akwai ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar ɗakin kwana, kowane rukuni ya ɗauki launi ɗaya ya ɗiga wa awakinsa a gadon baya. Har tafi aka yi masa.

Na miƙe na ce fentin ƙarfe ba ya fita a gashi ko an wanke shi da hawayen uwarsu. Na ce tun ina ƙarami nake share rumfar aski, na ga yadda mai tantancewa ke jefa gashi mai fenti a kwandon ƙarshe, kusa da shara. Da na tsaya nan da ƙila sun ji. Amma sai na ƙara da cewa wanda bai iya gane fuskar akuyarsa ba, ya je ya yi kiwon motoci, su da lamba a gaba da baya.

Mohapi ya ce, “Littafi ya ce a yi wa dabba alama. Ko a mashekari akwai wani bugun da ba mu gani ba?” Na ce ya karanta shafi na gaba, in bai gaji ba.

Aka juya ga Ntate Ramaili. Ya ce, “Awakinku ne. Ni bakina sai ranar aski.” Haka yake koyarwa, sai ya bar mutum ya faɗa rami tukuna.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Rukuni uku sun shafa. Ja, shuɗi, kore. Gwauruwa ta zama shuɗiya, tana tafe kamar mai jin kunya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau ranata ce, bari in rubuta duka.

Da safe ina kan shinge, sai ga Likeleli da takarda a hannu. Rukuninta ba su shafa fenti ba, amma biyu cikin awakinsu sun zubar da lamba, sauran takwas kuma gashi ya rufe kunnuwansu. Ta ce, “Abuti Bargo, an ce ka san su da fuska. Ko duk baki ne?”

Na ce ta faɗi abin da take so. Ta ce in ware mata gomanta daga cikin sittin, ba tare da na taɓa kunnen ko ɗaya ba.

Na diro. Wata guda da rabi ina kallon wa ke ba wa wace magani, me zai gagare ni? Na yi fito irin namu na sama, garken ya ɗago kai gaba ɗaya. Na shiga da sandata a hankali, ina taɓa wannan, ina kauce wa waccan. Mai Tsegumi, fito. Ɓarauniya, kar ki ɓuya bayan ƙawarki, na gan ki. Kafin tuwo ya huce, goma na tsaye a lungu.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga gashin kunne tana duba takarda. Takwas daidai. Biyun da ba lamba, ta ce ta yaya za ta yarda? Na ce ɗayar tana da tabon allura a cinyar hagu, wanda ita da kanta ta yi mata a Janairu don ta soka a karkace. Ta duba. Tabon na nan. 'Yan ajin da suka taru bakin shinge suka leƙo su gani. Mohapi ya duba agogonsa kamar yana da wurin zuwa.

Ta ce, “In kana son shiga rukuninmu, sharaɗi biyu. Ba yi mana za ka yi ba, koya mana za ka yi. Na biyu, ka ba Puleng haƙuri.” Na ce sunana fa? Ta ce takarda na hannunta, za ta rubuta ranar da ta ga dama.

Na ba Puleng haƙuri. Da ƙyar ya fito, kamar ana cire mini haƙori.

Laraba, 5 ga Maris

Sun fara ganewa. Na ce musu kar su kalli gashi, su kalli tafiya da yadda kowace ke riƙe kanta. Tumo, wani mai ƙiba a rukunin, ya gane huɗu yau, har rawa ya taka. Puleng ta riƙe Mai Tsegumi minti guda cur, ido a rufe.

Awakin rukunin nan sun fi na kowa sheƙi yanzu. Ba yabon kai ba ne. To, yabon kai ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Ciyawar filin makaranta ta tsufa. Na ga bakin kogi kore shar, ba a taɓa ba, na ce lallai waɗannan mutane makafi ne. A can sama bakin rafi shi ne wurin da kowane makiyayi ke rububi. Ban tambayi kowa ba. Don me zan tambaya? Bayan aji na kora goman can, suka ci awa biyu, ina kwance ina karatu ina jin ni ne sarkin makiyaya.

Da na tashi korarsu na ga Ɓarauniya tana tafiya ƙafa a ware. Na kai hannu cikinta, wani abu ya soke ni. Ƙarangiya. Ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Ciki, ƙirji, cinyoyi, duk ta naɗe a gashi ta dunƙule. Duka goman. A samanmu sanyi ba ya barinta ta yi 'ya'ya, ni a zanen littafi kawai na santa, kuma a zane ba ta ɓuya ƙarƙashin ganye. Ashe shi ya sa ba a kiwo a wurin. Kowane yaron ƙasan dutse ya sani. Gashi mai ƙarangiya kuma kwandonsa ɗaya da mai fenti.

Likeleli ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta juya mini baya. Da ta zage ni da ya fi. Tumo ya ce, “Wata bakwai muna wahala.” Mohapi ya leƙo ta kan shinge ya ce, “Malam, wannan a wane shafi yake?”

Na kora awakin cikin garke, na rufe ƙyaure.

Asabar, 15 ga Maris

Tun safe nake cire ta. Ina ja, gashi na tsinkewa. Rabin akuya ɗaya a yini guda, yatsu duk jini. Kwana ashirin da biyar suka rage, mafi yawansu kuma ranakun aji ne. Na ƙirga yadda zan ƙirga, ba ya kaiwa.

Na fara rubuta wa Kawu wasiƙa, na yaga.

Litinin, 17 ga Maris

Rukunin sun yi taro a aji, ban da ni. Na san maganata ake. Na tafi garke.

Can da la'asar sai ga Puleng da allurar saƙa guda shida a hannu. Ta tsaya ta kalli yadda nake yi ta ce, “Abuti, kai fa gashin kake kashewa.” Ashe kakarta masaƙiya ce a Teyateyaneng, da irin gashin nan take saƙa darduma, Puleng ta tashi tana tsince mata shi. Ba ja ake yi ba. Ana riƙe silin daga gindi, a tsaga shi biyu daga baki da allura, a yi ta buɗewa har ƙarangiyar ta faɗo da kanta. Ta yi guda goma kafin in yi biyu.

Ta miƙo mini allura ta ce, “Riƙe. Zare ba ya tunkuyi.”

Na cancanta. Na karɓa.

Ita ke tsinta, ni ke riƙe mata akuyar, don har yanzu tana tsoron ƙaho. Ban tambayi abin da aka yanke a taron ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Laraba, 19 ga Maris

Likeleli ta zo, ta ɗauki allura, ta zauna. Ba gaisuwa. Tumo ya zo bayanta da sauran biyun, yana cewa shi don awakin ya zo, ba don wani mai bargo ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Biyar sun fita tas. Kullum daga tashi aji har rana ta faɗa bayan dutse. Tumo na waƙa, muryarsa kamar ƙyauren da ba mai. Na gaya masa, ya ƙara ƙarfi. Sun sa ni ba su labarin shekarar da ƙanƙara ta rufe mu kwana tara a mashekari, ni da Kawu da kare. Ban san dalilin da ya sa na ba su ba.

Na shiga ɗakin karatu na kwafe duk ciyayin ƙasan dutse masu ɓata gashi, guda bakwai, na sa Puleng ta nuna mini kowace a fili. Ba za a yi mini biyu ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Ta goma, Ɓarauniya, mun gama da ita da azahar. Na bi jikinta da tafin hannu sau uku, ba abin da ya soke ni.

Gobe aski. Likeleli ba ta ce mini komai kan takarda ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na haɗa kayana a jaka. In za a kore ni, kar a gan ni ina tattara tsummokara.

Laraba, 9 ga Afrilu

Dare ya yi, amma sai na rubuta.

Rumfar aski ta cika tun hantsi. Mai tantancewa wata dattijuwa ce, Mme Malineo, tabarau a kan hanci, ga kwanduna jere bayanta daga na farko har na ƙarshe. Ntate Ramaili ya tsaya da takardun rukunai yana kiran suna. Na tsaya can baya kusa da ƙofa. Ya zo Rukuni na Huɗu: Likeleli, Puleng, Tumo, ya kira sauran biyun, ya juya takardar kamar ya gama. Na juya zan fita. Sai ya ce, “Da Seabata. Ina Seabata? Ko sai na ce Bargo?”

Na matso in sa hannu. Sunana na nan na shida, da rubutun Likeleli, ga kwanan wata a gefe: 17 ga Maris. Ranar taron. Tun ranar da nake zaton korata ake yankewa! Mako uku ta bar ni ina kwana da jaka a rai. Na kalle ta. Ta ce, “Me kake kallo? Ɗauki almakashi.”

Na ɗauka. Nan kam gidana ne. Na kwantar da Mai Tsegumi a gwiwa, na fara daga ciki, almakashi na kuka, gashi na sauka sili sili kamar madara, ba yanka, ba maimai. Na yi biyu, sannan na miƙa wa Likeleli, don sharaɗi sharaɗi ne, na tsaya kanta ina cewa ta kwantar da bakin almakashin. Kowa ya aske nasa. Puleng ma. Ta yi wa tata aski kamar ɓera ya ci, amma ba ta saki ba.

Mme Malineo ta baza gashinmu a tebur. Ta ja sili, ta ɗaga a haske, ta murza, ta cusa yatsu ciki tana lalube. Ta daɗe tana lalube. Ta ce, “'Ya'yana, waɗannan a ɗaki kuke kwantar da su?” Tumo ya tuntsire har ya shaƙe. Takwas kwandon farko, biyu na biyu. Ba rukunin da ya kai mu. Ba ko kusa!

Sai aka zo kan masu fenti. Na farkon na Mohapi, ya aske shi gaba ɗaya, jan ya gauraya da farin. Ta ɗaga da yatsa biyu ta jefa kwandon ƙarshe. Tun Janairu nake jiran wannan lokacin, na tanadi magana har uku. Na dube shi, ga awaki tara sun rage masa.

Na je na ce, “Abuti, matsa.” Na nuna masa ya fara yanke wurin fentin shi kaɗai ya ware gefe, ya share ƙasa, sannan ya aske sauran da tsabta. Tafin hannu ɗaya zai rasa, ba akuya guda ba. Ya yi. Na biyunsa ya shiga kwando na biyu. Sauran masu fentin suka taso suna leƙe. Ya ce a hankali, “A wane shafi yake?” Na ce ba ya cikin littafi. Ya ce, “To ka rubuta shi mana.”

Maganganuna uku suna nan ban taɓa su ba. Asara.

Ntate Ramaili ya wuce ta kusa da ni ya ce, “Ka ga abin da ya sa ba na cusa mutum?” Bai jira amsa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na aika wa Kawu saƙo ta hannun direban Mokhotlong: ya riƙe sandar tukuna.

Jiya iska mai sanyi ta sauko daga dutse, awakin kuma tsirara. Mun shigar da su rumfa. Ɓarauniya na ta karkarwa, na lulluɓa mata bargona. Yana can har yanzu. Zan ɗauko, ba mantawa na yi ba.

Yau na karɓi tuwona zan fita jikin bango, sai Tumo ya ƙwala, “Kai, mara bargo! Kujerar nan tun ɗazu nake hana mutane.” Tsakaninsa da Puleng. Likeleli ko ɗago kai ba ta yi ba, ta dai janye kwanonta gefe.

Na zauna. Ƙafata ce ke ciwo tun ranar aski, shi ke nan. Miyar ba gishiri, na faɗa musu. Sau ɗaya kawai na faɗa.